Rumbun Leda

Kun taso kun same ni da jakar buhu a naɗe cikin aljihu da kwalbar mai a ɗaure bayan babur, kuma na san sunan da kuke kira na da shi idan na ba da baya. Ba na jin haushi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne labarin da 'yan uwa ke ba ku duk lokacin da muka je gida da salla, wai ni na hana a sayar da Gonar Ɗorawa da ilimin boko, wai na tsaya gaban Baba na yi ta zuba bayani har ya rasa ta cewa. Ba haka aka yi ba. A wancan lokacin ko idon Baba ba na iya kallo. Ina so ku ji yadda abin ya gudana tun ina iya tuna muryoyin mutanen gidan, domin a cikin su ukun babu wanda ya rage da zai gyara mini idan na yi kuskure.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ungogo da Minjibir, inda gona ke manne da gona. Babu daji, babu fegin da ba shi da mai shi, har bishiya an san ta wane ce. Tunda ba a iya barin gona ta huta, sai a ciyar da ita. Saboda haka gidanmu yana da doka guda da ta girmi kowa: duk abin da tsintsiya ta kwaso, na gona ne. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ragowar harawa, duk a juji suke taruwa a kusurwar gida, da rani jaki ya kwashe a mangala zuwa gona. Wanda ya watsar da shara a waje, kallon wanda ya zubar da hatsi ake yi masa. Idan takin gida bai isa ba, Baba yakan sayo sharar birni. A zamanin kakanmu jakuna ke kawo ta, a zamanin Baba kuwa tifa. Gona ciki gare ta, in ji Baba, kuma ciki ba ya tambayar daga ina.

Mu huɗu ne manya a gidan, ban da ƙannena da suke ƙanana. Baba mutum ne marar yawan magana. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake, ni ma ba na yi mata doguwar magana. Iya, mahaifiyar Baba, ita ce bakin gidan. Ita kaɗai nake sakewa da ita, don a wasan kaka da jika ni mijinta ne, kullum tana ƙarata wai na auri littafi na bar ta da yunwa.

Shekarar da na gama sakandare na sami gurbi a kwalejin horar da malamai a birni. Shekarar ce kuma Gonar Ɗorawa, wadda gidan ke ci daga gare ta, ta ba da geron da bai cika rabin rumbu ba. Ta daɗe tana ja da baya. Gidaje sun fara tahowa daga ɓangaren Ungogo, kuma wani dillalin filaye, Alhaji Tanko, ya riga ya zo sau da dama yana auna gonar da ido. Baba ya yanke shawara: ƙasar ta mutu, zai sayar, ya kai ni makaranta, ragowar ya ja jari. Iya ce ta fara sanar da ni, tana tsinkar zogale ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maigida, na ji an ce za a sayar da tuwona a saya maka biro."

Kada ku ɗauka kishin gado ne ya motsa ni. Makarantar nake so fiye da komai. Tambaya ce kawai ta maƙale mini. Idan ƙasa ta mutu, ai gaba ɗaya za ta mutu. To me ya sa a kunya ɗaya za ka ga gero ya kai kafaɗa, na kusa da shi kuma bai wuce gwiwa ba? Me ya sa ruwan sama ke kwanciya a wani wuri kamar a faranti, taku kaɗan gaba kuma ya shige? Bayan an gama girbi na je na tumɓuke tushiyar wani gajeren gero don in ga saiwarsa. Saiwar ba ta yi ƙasa ba. Ta sauka kamar tsawon yatsa, sai ta karkace gefe ta bazu a kan wata baƙar leda, kamar hannun da ke laluben ƙofa. Na tumɓuke wata, haka. Na koma gida na ɗauko fartanya na haƙa rami har zuwa gwiwar hannu, na tsuguna ina kallon bangonsa. Ƙasa, leda, ƙasa, leda, hawa-hawa, kowace shekara da nata shimfiɗar. Dokar gidanmu an kafa ta ne lokacin da komai na cikin shara yake ruɓewa. Shara ta canza, doka ba ta canza ba, mu kuwa muka ci gaba da ciyar da gona da abin da ba ta iya haɗiyewa, muna ganin kirki muke yi mata.

Na kai wa Iya tushiyar da ledarta. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gero da wando ba. Da la'asar, da aka kai wa Baba fura a zaure, sai ta ɗora tushiyar a kan faifan da aka rufe ƙwaryar da shi. Ba a jima ba aka ce yana kirana. Na durƙusa a bakin tabarma, idona a kan yatsun ƙafata.

"Iya ta ce kana da magana."

"Baba, ina ganin kamar ba mutuwa ta yi ba. Ina so ne in gani."

"Ka ga me?"

"In an cire wannan abin, ko za ta yi."

Ya daɗe yana jujjuya tushiyar. Sannan ya ce, "In ba a sayar ba, babu makaranta bana. Ka san da haka?"

Na ce na sani.

"Damina ɗaya," in ji shi. Ya ja ƙwaryarsa.

Iyakar muhawarar ke nan da ake ba ku labari. Kuma da na ce na sani, ban sani ba. Sai ranar da abokan karatuna suka hau mota da akwatunansu, ni ina tsaye a gefen hanya da fartanya a kafaɗa, sannan na sani.

Na haɗa rariya da ragar waya ta tsohon akurkin kaji, na kafa ta a kan sanduna. Na fara da jujin gida, na tankaɗe shi kaf, sannan na shiga gonar. Da na ga ƙarfina ba zai kai ko'ina ba, sai na raba ta biyu daga gindin ɗorawar, na ce in gyara gabas in bar yamma yadda take, don in sami abin kwatantawa. Aikin rani ne, ƙasa ta yi tauri, amma ban taɓa yin aikin da ya cika ni da mamaki kamarsa ba. Tsumma idan na tono shi sai ya marmashe a hannuna. Fasasshiyar ƙwarya ta zama gari. Ƙashi ma ya yi laushi. Amma ledar ruwan sha da na ciro daga can ƙasa, na goge ta da yatsa, shuɗin rubutun jikinta yana nan ana karantawa. Na tono batura da suka fashe suka yi farin gishiri, da silifas, da murafan kwalba. Nakan tsaya in yi ta tunanin wane ne ya sha ruwan nan, a wace unguwa, ko yana raye.

Alhaji Tanko yakan tsayar da motarsa a bakin gonar ya sauke gilashi.

"Ɗan boko, har yanzu ba a kai ga zinariyar ba? Yi a hankali, ka tankaɗe mini ita da kyau. Magina sun fi son ƙasa mai laushi."

Nakan gaishe shi in ci gaba da aikina. Ban iya mayar da magana ba, har yau ma ban iya ba.

Ledar da na tara na jibge ta a bayan ɗakin girki, na danne da duwatsu don kada awaki su ci, ina jiran in san yadda zan yi da ita. Ruwa ya sauka, muka yi shuka. A nan ne abu na biyu ya ɗaure mini kai. Tulin ledar ya fara raguwa, alhali duwatsun suna nan inda na sa su. A daidai lokacin kuma Inna ta kama tari, busasshe, mai sa ta dafa bango. An ce sanyin damina ne, aka dafa mata citta da kanumfari. Ni kuwa na lura tarin yana da lokacinsa. Ba ya tashi sai da hantsi da kuma yamma, lokacin ɗora tukunya. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na tsaya a inda zan hango murhu. Icen ya jiƙe. Inna ta ɗauko dunƙulen leda daga tulina, ta kunna masa ashana, ta riƙe shi a kan icen yana ɗiga wuta, baƙin hayaƙi na murɗawa, sannan ta sunkuya ta sa fuskarta a ciki tana hurawa. Kafin ta gama, maƙwabciyarmu ta aiko a sam mata na kunna wuta. Ashe na zama mai raba wa unguwa makamashi ban sani ba.

A dokar gidanmu Inna ba ta yi laifin komai ba. Abin da gona ta ƙi, wuta ta ci, ba a yi asara ba. Da na bi abin a hankali sai na ga har tokar ma juji take komawa, daga juji kuma sai gona. Na fitar da leda ta ƙofa, ta bi ta ƙirjin Inna, ta dawo ta taga.

Ɗan fari ba ya tsayawa gaban uwarsa ya ce ta daina abu. Na koma wurin Iya. Da farko ta ce hayaƙi ai hayaƙi ne, ita ta shekara nawa tana shaƙa. Na kunna kara na miƙa mata, sannan na kunna 'yar leda na miƙa mata. Ta kau da kai tana tofar da yawu, ta ce wannan ko maye aka turara wa sai ya bar gari. Da yamma, ina zaune a ƙofar ɗakinta da littafi, ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin girki.

"Mijina ya kawo ƙara. Ya ce an koma dafa masa tuwo da tsohon takalmi."

Can sai muryar Inna, a hankali.

"Iya, ki tambaye shi, shi zai riƙa hura mini jiƙaƙƙen icen?"

Iya ta dube ni. Na gyaɗa kai.

"Ya ce shi ne."

Daga ranar ya zama aikina. Kafin hadari ya haɗu nakan shigar da icen gobe ƙarƙashin rumfa. Na rataye buhu a cikin ɗakin girki na cika shi da busasshen kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Iya ta tuno yadda suke yi kafin ashana ta yi araha, ta koya mana binne garwashi a cikin toka bayan an sauke tukunya, da safe a tone a tarar da shi da ransa. Ta ce a zamaninsu gidan da wuta ta mutu a cikinsa abin gori ne. Ledar kuwa na kwashe ta na zuba a wani tsohon rumbu da ya tsage aka daina sa hatsi a ciki, na rufe. Iya ta raɗa masa suna rumbun maigida, tana gaya wa baƙi cewa mijinta ya yi noma bana, rumbu har baki.

Sai dai ban jima ba na ga sabon jujin da na tankaɗe ya fara baƙi-baƙi. Na zauna na lura da abin da ke shigowa gidan a yini guda. Manja a leda, daddawa a leda, gishiri a leda, kokon safe da zafinsa a leda, har alala a leda ake dafawa. Ina kwashe ruwa ne rijiya na ɓuɓɓugowa. Iya ta ɗinka mini jaka da tsohon buhu. Na ware kwalba ta mai, da 'yan gwangwanaye masu murfi, da langa ta koko. Ranar farko da na jera su a kan teburin Ɗanlami mai shago, mutanen da ke zaune a benci suka yi ta dariya.

"Malam, ledar nan kyauta ce fa," in ji Ɗanlami. "Ko an ce maka ina sa ta a lissafi?"

Kunya ta kusa kashe ni. Na ce a zuba mini a nan ɗin dai. Washegari na koma, da jibi. Bayan wani lokaci dariyar ta gaji ta mutu, har ya zama idan na manta kwalbar shi ke tambayata ina take.

A cikin gida ban taɓa ce wa kowa ya yi kaza ba. Na dai rataye wani tsohon kwando a jikin katanga kusa da juji, duk safiya bayan an yi shara in tsuguna in tsince abin da ba ya ruɓewa in jefa a ciki. An yi ta mantawa. Baƙi su zo da tsarabarsu a leda, salla ta zo gida ya cika, in koma kamar ban taɓa farawa ba. Amma wata rana na fito na tarar an riga an tsince, kwandon da abu a ciki, Inna tana can tana wanke-wanke kamar ba ita ba. Alala ta koma gwangwani. Tarinta ya yi sauƙi kafin a fara cin sabon wake. Ba zan rantse muku cewa barin hayaƙin leda kaɗai ya warkar da ita ba, ni ba likita ba ne. Na dai san ba ta ƙara dafa bango a gaban murhu ba.

Da gero ya fitar da kai, bambancin ya fito, amma ba irin na labari ba. Gabas ta fi yamma tsayi da duhun ganye, ruwa ya daina kwanciya a cikinta, kan geron ya fi cika. Sai dai daminar ta yi kyau ko'ina, kuma gabas ta sami tankaɗaɗɗen takin awaki wanda yamma ba ta samu ba, don haka ni kaina ban iya cewa ga abin da ya yi aikin ba. Na so a ce ina da wata daminar in sake gwadawa. Baba yakan zaga gonar da safe, hannu a baya. Ban san inda zuciyarsa ta karkata ba sai wata rana da na hango shi yana dawowa daga masallaci. Ya tsaya a bakin hanya, ya waiga, ya sunkuya ya tsinci wata leda da iska ta manna a jikin kara, ya cusa a aljihun rigarsa. Da ya shigo gida ya zaga ta bayan rumbuna, ya ɗaga murfin rumbun ledar, ya jefa.

Alhaji Tanko ya zo bayan an ɗaure dammuna. Ina cikin zaure ina zuba musu ruwa, don haka da kunnena na ji. Ya yi magana mai daɗi, ya ce damina ɗaya ba ta zama shaida, ya ce gidaje na zuwa ko an so ko ba a so, ya kuma tuna wa Baba karatun yaron nan da ke zaune. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Baba ya saurare shi har ya gama.

"Alhaji, da na ce maka ta mutu ne. Ashe shaƙe ta muka yi da hannunmu. Marar lafiyar da ya fara karɓar abinci ba a kai shi kasuwa."

Bayan ya tafi Baba ya dube ni, karo na farko da na tuna ya dube ni ido cikin ido, ya ce saura ɓangaren yamma.

Ga abin da ya ci mini, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye ba. Gurbina na kwaleji ya wuce. Sai bayan wasu shekaru na shiga ta hanyar karatun ƙarshen mako, ina koyarwa a firamare ina noma. Jami'ar da na yi mafarki ban taɓa zuwa ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka hau mota ran nan ya dawo ya zama shugabana a wurin aiki, mutumin kirki ne, amma akwai ranakun da na gaishe shi na koma aji zuciyata ba daɗi. Ranar da zan fara tafiya karatun, Inna ta ɗaure mini dambu a cikin langa, ta sa a jakar buhu, ta miƙa wa Iya ko kallona ba ta yi ba.

"Iya, ki ce wa mutumin naki ya dawo mini da langata. Kada ya je birni ya koyo leda."

Yanzu gidaje sun kewaye Gonar Ɗorawa ta ɓangare uku. Geron kunun da kuke sha da azumi daga cikinta yake fitowa. Masu sayen ledar ruwa don sake narkawa sun zo daga baya sun rage mini wani abu daga rumbun, amma baƙar ledar babu mai so, kuma har yau ban samo inda zan kai ta ba tare da ta koma cikin ƙasa ko cikin ƙirjin wani ba. Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga hana ta shigowa.

Daminar bara ina noma a ɓangaren yamma, fartanyata ta kamo wata ledar ruwa daga can ƙasa, cikin waɗanda suka tsere wa rariyata. Na goge ta da yatsa. Shuɗin rubutun yana nan. Iya ta koma ƙasa, Baba ya koma, Inna ta bi su, Allah ya jiƙansu da rahama, ƙasa ta karɓe su duka. Wannan kuwa ta ƙi karɓa. Na naɗe ta na sa a aljihu, na kai rumbu.

Rumbun yana nan a bayan ɗakin Iya, na sake yaɓe tsagar da hannuna. Idan mun je gida da salla, ku ɗaga murfin ku leƙa. Bayan nan, wanda ya ga dama ya ci gaba da yi wa jakar buhuna dariya.